Haddar Amsoshin Turanci

A tashar Kiyawa, cikin motar Dutse da ta ƙi cika, wani mai farar hula yana ta rangaji yana ƙunƙuni: "A, C, C, B, D..."

Na kusa da shi ya katse shi. "Gyara, Malam. Bayan C biyu, A ce."

"Bawan Allah, ka san abin da nake karantawa kuwa?"

"Amsoshin gyaran jimlar Turanci mana, na jarrabawar ɗaukar akawu a sakatariya. Ni ma can na nufa."

"To ka ji. Wata biyu ina rubuta su a allo ina wankewa, ko tuntuɓe ba na yi. Har koyarwa na ajiye a makarantar mahaifina saboda aikin nan. B ce!"

"Wallahi A ce. Fito da littafinka."

Kowa ya zaro nasa daga aljihu.

"Ikon Allah!" in ji mai farar hula. "Naka kore, nawa ja."

"Nawa na jarrabawar shekarar casa'in da biyu ne."

"Nawa casa'in da uku. To ya aka yi amsoshin suka sha bamban? Karatu yana canjawa ne?"

"Ke nan na bana ma daban ne..."

Ya sake duban mai farar hula.

"Malam, kai ka karanta jimlolin kuwa?"

"Waɗanne jimloli? Mai shagon da na sayi littafin cewa ya yi amsa tana shafin baya. Ƙarfe nawa yanzu?"

"Tara saura. Goma za a shiga."

Mai farar hula ya share gumi. "Matso, ɗan'uwa. Buɗe shafin farko mu ga me suke tambaya."