Darasin Kimiyya da Sikelin Alhaji

A bencin jiran mota na ajans, wato tashar motocin Kayele da ke Garwa, wani Alhaji ɗan kasuwa yana ta fama da wayarsa, har ya juya ga dattijuwar da ke gefensa.

"Hajiya, kina jin Faransanci? Darasin kimiyya nake nema wa 'yata Kaltumi a intanet. A gida take karatu yanzu, ga jarrabawar BEPC ta matso. Amma wanda babu wa'azi a ciki nake so."

"Shekara talatin na yi ina koyarwa, miƙo. Me wa'azi ya yi maka, Alhaji?"

"Na farkon da na samu, malamin ya bar maganaɗisu ya kama ayar masu tauye mudu. Sati biyu yarinya tana kallona."

"To me ya fitar da ita daga kolej?"

"Awo aka koya musu. Ta zo shagona a Jambutu da dutsen kilo na makaranta, ta ɗora a sikelina gaban masu sayen sukari. Wannan tarbiyya ce?"

"Nawa ya nuna?"

"Ba a kansa muke magana ba. Duba mini wanda babu awo."

Ta daɗe tana dubawa, sannan ta mayar masa da wayar.

"Ga guda huɗu, babu wa'azi ko kaɗan, amma kowanne da awo ya fara. Alhaji, ka mayar da yarinya makaranta. Sikelin ne ya kamata ya zauna a gida."