Abin Da Na Rubuta A Ƙyaure

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku.

Matuƙan jirgin sama na yau suna yawo da waya a aljihu, ko a kasuwa suke kira zai same su. Mu a zamaninmu, gab da tafiyar Turawa, alli ne wayarmu.

Lokacin an ɗauke ni sabon mataimakin matuƙi a Kano. Duk ƙarshen wata ana kafa jadawalin tafiye-tafiye, tsofaffin hannu su fara zaɓa. Na ga Hartum, na ga Fort Lamy, na ji yarensu, ko'ina haka ake yi: sabo sai abin da aka rage. Abin da aka rage mini shi ne zaman ko-ta-kwana. Ka zauna a gida da kayan aiki a goge, in wani ya kasa a zo a ɗauke ka. In fita ta kama, ka rubuta inda ka tafi a ƙyauren ɗakinka.

Mako uku ba wanda ya neme ni. Zaman nan shi ya koya mini giya. Kaitona!

Wata Lahadi matata Saratu ta tafi sujada. Na ɗauki alli na rubuta "Majami'a", na zarce gidan giya a nan Sabon Gari. A ranar aka neme ni.

Direban kamfani, Malam Goni, dattijo ne Babarbare daga Fagge. Ya karanta ƙyaure, ya je majami'a, ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya ana tsakiyar wa'azi. Saratu ce ta miƙe a gaban kowa, ta faɗa masa inda zai same ni.

Da ya shigo ya dubi teburina, sai ya ce, "Yallaɓai, wannan majami'ar taku da kwalabe ake ibada?"

Na ce, "Baba, ka rufa mini asiri."

A mota ya miƙo mini goro. "Wannan zai kashe wari, ba zai kashe maye ba. Mutane cike da jirgi suna jiranka. Ni dai tuƙin ƙasa na sani."

Na karɓi goron. In na tauna, ba mai ganewa. In na faɗi gaskiya, wataƙila aikin ya tafi ke nan. A ƙofar filin jirgi na sunkuya na ce, "Ya Yesu, na rubuta gidanka a kan ƙaryata. Kada ka bar ni in ɗauki rayukan mutane da wannan kan."

Na mayar masa da goronsa. Na je wurin kyaftin, babban matuƙin jirgin, na ce na sha, ba zan iya tashi ba.

Ba a kore ni ba, amma an dakatar da ni, aka mayar da sunana ƙasan jadawali. Waɗanda suka zo bayana suka riƙa zaɓa kafin ni. Saratu ta daɗe ba ta iya haɗa ido da matan zumuntar majami'a. Wannan har yau yana cina.

Amma Ubangiji ya cire mini ƙishin nan. Haleluya! Na gode masa. Kai da kake ɓoye naka, ka kai masa, ba zai kore ka ba. Tun daga ranar ban sake kai kwalba baki ba, kuma duk inda na ce ina nan, a nan ake samuna.