Kwabon Bama na Injiniya Bara'u

Assalamu alaikum. Malam Liman, shugaban ƙungiyarmu, dattawan da suka taso daga Birmingham, Hajiya Kulu matar marigayi, 'yarsa Shifa, da sauran jama'a, sannunmu da haƙuri. Ku yafe mini, a zaune zan yi magana, ƙafa ta gaji.

Injiniya Bara'u ya kasance mai buɗe mana ƙofa. Wane ɗalibi ne ya sauka unguwar Fallowfield bai ci tuwon gidansa ba? Ya kasance in an yi mana rasuwa, shi ke bin takardun council, hukumar gari, har a yi jana'iza kan lokaci. Ya kasance kuma mai naci a kan abu ɗaya: kwabban tarihi da yake tarawa, waɗanda aka buga da narkakken kwanson harsashi da tarkacen jiragen yaƙi. Mun sha tsokanarsa cewa Injiniya ya koma ɗan gwangwan. Sai ya yi dariya ya ce, "Ƙarfe ne da ya tuba, ku ƙyale shi."

Ɗaya a cikinsu daban yake. Mahaifinsa ya dawo daga yaƙin Bama da kwanson harsashi a aljihu, shi Bara'u ya kai wa wani maƙeri a Birmingham ya buga masa kwabo da shi.

To, ga laifina. Ranar sadakar uku, a gidansa na Levenshulme, na ga gwangwanin biskit cike da kwabbai. Ban sa gilashina ba, na ɗauka canji ne aka tanada. Na haɗa da dabino na raba wa masu ta'aziyya. Ni, abokinsa na shekara talatin.

Mako biyar ke nan ina zarya a babban titin motorway, gida-gida, har Erdington can Birmingham, ina karɓo kwabban. Sauran sun dawo. Na mahaifin nasa bai dawo ba, kuma shi kaɗai Shifa ta roƙa a bar mata.

Shifa, 'yata, jiya kin ce mini, "Baffa, it's okay, ka huta haka nan. Sadaka ce, ladan ya riga ya isa wurin Baba." Na gode miki. Amma na ga idonki lokacin da kike faɗa.

Don haka jama'a, ku duba aljihun rigar da kuka sa ranar. Ku duba mota, ku zazzage jaka. Jan ƙarfe ne, an rubuta Sa'id a jiki, sunan kakanta.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Bara'u, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa dangana. Ni kuma Ya ba ni ikon sake haɗa ido da 'yarsa. Amin.