Kafin Alhamis

A ɗakin jiran likitan maƙogwaro, wata malamar makaranta na zaune da 'yar na'ura manne a ƙarƙashin haɓarta, leɓunanta na motsi ba sauti. Dattijon da ke gefenta ya kasa haƙuri.

"'Yata, addu'a kike yi?"

"A'a, Baba, na'urar nan nake koya wa. Tana karanta motsin bakina, wayata ta faɗi maganar. Ranar Alhamis za a cire mini maƙogwaro, dole ta saba da ni kafin nan."

"Ikon Allah! Ki miƙa muryarki da hannunki, ki dogara da roba?"

"In ban miƙa ba, ciwon zai tafi da ita har da ni. Ɗalibai arba'in ke jirana. Na ce musu zan dawo, kuma sai na dawo."

"Likitoci da son wuƙa! Ɗan dushewar murya, su ce aiki."

"Kai suka ce wa haka, Baba?"

Ya gyaɗa kai.

"Zuwana uku ke nan. Da an kira ni sai in sulale. Jikokina ba sa barci sai na yi musu labari."

Ta motsa leɓe, wayar ta ce da muryar malamar, "Baba, yau ba inda za ka."

Nas ta kira lambarsa. Ya miƙe, ya ba ta sandarsa.

"Riƙe. In na nufi ƙofar waje, ki kwaɗa mini."