Butar Tsohuwa

A tashar Zuba, Muktar mai lemo ya ga wata tsohuwa tana ta tashi daga benci tana komawa ba tare da ta dafa komai ba. Ya miƙa mata hannu.

"Mama, kama nan kada ki faɗi."

"Bar ni, ɗana, ƙarfin ƙafa nake nema. A asibitin bayan kasuwa ake koya wa tsofaffi wannan motsa jikin, kyauta."

"Mu tamu tsohuwar ko buta ba ma bari ta ɗauka."

"Haka nawa 'ya'yan suka yi ta lallaɓa ni har ƙafafuna suka mutu, na zube a banɗaki. Taku ba ta taɓa faɗuwa ba?"

Muktar ya sunkuyar da kai. "Da azumin nan ma."

"To, ka kawo ta asibitin ranar Laraba. Kafin nan, ku mayar mata da butarta."