Jan Ƙyallen Filin Jirgi

An ce jan ƙyallen da kamfanin dam ya ɗaga a filin jirginsa alamar ƙwace gonaki ce. Ban yarda ba, na tafi Talata Mafara in gani. A tasha na ji wani manomi ya tare wani leburan kamfanin.

"Kai yaro, ku kunka kafa tutar ga kusa da gonata?"

"Baba, ba tuta ba ce."

"Haka anka yi wa ƙanena a Maradun. An kafa ƙyalle, ruwa ya cinye gonar."

"Wancan na masu awon ƙasa ne! Namu iska yake nuna wa matuƙi, kada jirgi ya kauce wajen sauka."

"Wata guda yana nuna gonata!"

"Wata guda iskar tana kaɗawa can! To, mi ka shuka bana?"

Manomin ya juya zai tafi.

"Baba, mi ka shuka?"

"Wa zai shuka wa kamfani gero?"

Da la'asar na isa filin. Iska ta juya, ƙyallen yana nuna titi. Geron maƙwabta ya kai gwiwa, gona ɗaya ce ciyawa ta rufe.