Inda Ta Ja Layi

A tashar mota, wani dattijo ya leƙa littafin da magidancin da ke gefensa yake karantawa.

"Haba malam, ƙato da kai da littafin soyayya? Su ke hure wa mata kunne."

"Na matata ne, Baba. Sati uku ke nan da ta yi fushi ta tafi gidansu."

"Ka gani ko? Mota da gidan bene take nema, irin na littafi."

"Ni ma haka na zata. Amma wuri ɗaya ta ja wa layi, inda mijin ya ce, 'Zauna ki gaya min, ina jin ki.'"



"Tawa ba ta iya karatu ba," in ji dattijon. "Da ta iya, ban san inda za ta ja ba."